Sunan da Yaya Ya Tafi da Shi

Umma ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuma irin matan nan ne na unguwarmu ta Sheshe da suka riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. In tana son a kira shi sai ta ce da ni, "Je ka ce da wancan abinci na hucewa." In baƙuwa ta tambayi lafiyarsa sai ta kau da kai ta shiga gyaran ɗankwali. Akwai wani mai kayan miya a bakin layinmu da ya yi rashin sa'ar zama takwaran Yaya, shekara da shekaru "mai tattasai" take ce masa, ko a ranar da albasa kawai ya kasa. Ni kuwa auta ne, sunana a bakinta yake tun daga asuba. Da shi take tashina, da shi take aikena, da shi take yi mini faɗa.

Yaya ya girme ni da shekara biyar, kuma tun da na yi wayo ƙwallo na san shi da ita. A wani fili mai tsakuwa wajen Ƙofar Dawanau suke bugawa. Lamba tara yake, ɗan wasan gaba, kuma in ka gan shi a fili sai ka rantse malalaci ne. Ba ya gudun banza. Tsayawa yake kusa da 'yan baya, hannu a ƙugu, kamar mai jiran a-daidaita-sahu. Kana kau da ido ka dawo, ya ɓace daga wurin, gola yana ɗauko ƙwallo daga raga yana zagin 'yan bayansa. Babanmu ya rasu ina aji uku a firamare, don haka babu mai kora shi kasuwa da bulala. Umma dai takan ce, "Wancan ƙafarsa ba ta zama," ba ta ƙarawa.

Ina shekara goma sha shida wani mutum mai ƙaton agogo ya fara zuwa filin. Dillalin 'yan wasa ne. Ya ce akwai kulob a kudu da ke neman matasa 'yan ƙasa da sha bakwai, kuma Yaya ya yi masa. Matsalar ɗaya ce, Yaya yana da ashirin da ɗaya. Mutumin ya yi dariya ya ce shekarun gida daban, shekarun ƙwallo daban, kowa ya san haka. Sai dai wannan kulob ɗin ba ya karɓar takardar rantsuwar kotu, ta asibiti yake so mai hatimi, da shaidar gama firamare da ta yi daidai da ita. A gida aka haifi Yaya, a hannun ungozoma, babu takardar da ta san da zuwansa duniya. Ni a asibiti aka haife ni.

Kan Goron Dutse Yaya ya ja ni da yamma, wai mu sha iska. Yaya da bai taɓa neman shawarata ko a kan takalmi ba, ranar har gyaɗa ya saya mini. Ya ce, "Aro za ka ba ni. Gwaji ne kawai, sati biyu. In ban ci ba na dawo maka da kayanka, in na ci kuwa sai a gyara daga baya." Ban tambaye shi yadda ake gyarawa ba. Kaina ya kumbura, wai yau ni ne Yaya yake roƙo. Kuma gara in faɗa tun yanzu, don na daɗe ina ba da labarin nan kamar ƙwace aka yi mini: ni da hannuna na buɗe adakar Umma, na ɗaga zannuwanta, na zaro takardun nan biyu daga cikin leda na kai masa.

Ya ci gwajin. Bayan kakar wasa biyu aka ɗaga shi zuwa babbar ƙungiya, aka fara sa wasanninsu a rediyo.

Ba na manta ranar farko. Umma tana tsakar gida tana tsintar shinkafa, ta ce in rage ƙarar rediyon nan, ita ba ta ga abin saurare a ƙarti suna bin fata ba. Can mai sharhi ya ɗaga murya, ya ja sunana ya ja, kamar zai tsage. Na ga hannunta ya tsaya a cikin faranti. A hankali ta faɗi sunan, ta ce, "Ya ci ke nan?" Ni kuma saboda sabo na ce, "Na'am, Umma." Ko kallona ba ta yi ba. Rediyon take kallo.

Daga ranar bakinta ya buɗe. Matar da ta shekara ashirin da wani abu tana "wancan", sai ga ta tana ambaton ɗanta na fari sau goma a yini, ba kunya ba kau da kai. Ai sunan auta ne, wa zai ce ta yi rashin ta-ido? In ya bugo waya sai ta kira sunan ta tambaye shi ko yana cin abinci, ta kira ta tambaye shi sanyin garin, ta kira ba don komai ba. In ta idar da salla ina jin ta tana jera sunan a addu'a, kuma na san ba ni ne ɗan ƙwallon da take roƙa wa lafiyar gwiwa ba. Da farko abin dariya yake ba ni. Daga baya ya daina.

Unguwa kuwa kowa ya sani, kuma babu wanda ya taɓa faɗa wa baƙo. 'Yan jarida sun zo sau ɗaya, dattawan layinmu suka zauna a kan tabarma suka tabbatar musu cewa a gabansu aka haifi yaron nan, shekarar kaza, ba su ko tari ba. Ni suka mayar abin tsokana. In na wuce majalisa sai a ce, "Ga mai sunan nan, mai ƙafar yana can." Shi kansa Yaya ya daina kirana da sunana, Takwara yake ce mini.

Rayuwar ɗan gaba ba ta da zama, kuma ta hana ni ma zama. In ya ci, garin nan kaf abokina ne. In ya yi wasa huɗu bai ci ba, sai in shiga gidan kallo in ji ana tsine wa sunana har da na ubana. Aka sayar da shi, aka ba da shi aro, aka dawo da shi benci. Ya tafi wata ƙasar Larabawa, koci ya canja, sabon bai son shi, ya koma wata. Duk inda ya sauka, fasfo ɗinsa da sunana da ranar haihuwata. Duk ƙarshen kaka in ce, "Yaya, maganar gyaran nan fa?" Ya ce, "Kaka ɗaya, Takwara. Bari in samu kwantiragi mai kyau." Haka muka yi shekara goma sha ɗaya.

Ni a nan na gama difloma da kwafin takardun da makaranta ta riƙe tun da, ban taɓa cin karo da matsala ba sai da aka buɗe ɗaukar aikin gwamnati da na daɗe ina jira. Sharaɗi biyu ne: katin shaidar ɗan ƙasa, da kada mutum ya haura talatin. Ina da ashirin da bakwai. Na je yin katin, ma'aikacin ya shigar da bayanaina, ya tsaya, ya juyo mini da allon kwamfutarsa. Sunana, ranar haihuwata, sunan Umma, lambar gidanmu, ga kuma fuskar Yaya tana kallona. Mutumin kirki ne, ya rage murya ya ce, "Malam, kai ne ko shi ne?" Ya ce hanya ɗaya ce, in rubuta ƙorafi a bincika. In an tabbatar, a soke nasa a ba ni nawa. Ban buƙaci ya gaya mini sauran ba. In aka soke, fasfo ya tafi, hukumar ƙwallo ta dakatar da shi, jaridu su samu abin ci.

Sati uku ya rage a rufe ɗaukar aikin. Ban san adadin zuwan da na yi ofishin nan ba, in kai bakin ƙofa in juyo. Na kasa zama a gida, na kasa zama a majalisa. In fita ta Sheshe in ɓulle Goron Dutse, in hau in sauko, in ga kaina a Ƙofar Dawanau ban san abin da ya kai ni ba. Na rubuta ƙorafin sau uku, na ukun ya zauna a aljihun gaban rigata har ya yi laushi da gumi.

A cikin kwanakin Yaya ya dawo hutu da gwiwa a ɗaure. Likitocin kulob ɗinsa, in ji shi, suna mamakin yadda ɗan ashirin da bakwai yake da gwiwar tsoho. Yana faɗa yana dariya. Akwai wata ƙungiya da ta ce in ya warke za ta ba shi kaka ɗaya. A soro na tare shi, na zaro takardar na miƙa masa. Na shirya faɗa, wallahi na shirya, har na tanadi abin da zan ce in ya ce kaka ɗaya. Ya karanta, ya ninke, ya miƙo mini. Ya ce, "Haƙƙinka ne. Ka kai." Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar, ya shige ciki yana ɗingishi. Ban taɓa jin haushinsa kamar ranar ba, don ya bar ni da abin ni kaɗai.

Bayan la'asar na sami Umma tana yanka kuɓewa. A gidanmu ba a taɓa yin rigima tsakanina da Yaya ta goyi bayansa ba, ko shi ne da gaskiya, kunya ba ta barinta. Don haka na zauna da ƙarfina na zayyana mata komai, har da adakar da na buɗe. Ta ce ta sani, tun ranar ta ga ledar ba yadda ta ajiye ta ba.

Ta ce, "Naka ne. A kunnenka aka yi huɗuba da shi, ragonka aka yanka a kansa. Ba mai hana ka."

Na ce to. Na fara tattara takalmina.

Ba ta ɗago ba, wuƙar tana tafiya. Ta ce, "Shekara ashirin da uku ina kallon yaron nan yana shiga yana fita, ban taɓa kiransa ya waiwayo ba. Ya yi ƙyanda yana ƙarami, kakarku ce ta riƙe shi, ni ina bakin ƙofa." Ta share wuƙar a gefen zaninta. "In ka karɓa, sai in koma wancan. Ba komai, na iya."

Ba ta roƙe ni ba. Da ta roƙe ni da na samu abin yin gardama da shi. Na fita na yi ta tafiya har aka kira magariba, kuma a hanyar nan na yi fushi da kowa: da mai agogo, da Yaya, da dattawan layinmu, da wanda ya fara ƙirƙiro kunyar ɗan fari, da yaron nan ɗan sha shida da aka saye shi da gyaɗa.

Washegari na tafi kotu. Akwai suna guda a gidanmu da babu takardar da ta taɓa ɗauka, babu kwamfutar da ta san shi. Na cike takardar rantsuwa da sunan Yaya da shekarunsa, na sa hannu, ina istigfari a zuci. Kati ya fito lafiya lau. A ranar na tashi daga ashirin da bakwai na koma talatin da biyu, aikin ya wuce ni, takardun makarantata kuma suka zama na wani.

Yaya ya samu kakarsa. Rabinta a benci ya yi ta, gwiwar ta sake tashi, ya rataye takalmi. Yanzu yana horar da matasa a filin da ya fara, kuma har gobe da sunana ake kiransa. Ni ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi da mai ita ya san gidanmu, bai tsananta tambaya ba. Muna gaisawa da Yaya, muna cin abinci a faranti ɗaya ranar Juma'a. Bai taɓa ta da maganar ba, ni ma haka. In Umma ta kira sunan daga ɗaki, da farko mu biyu muke amsawa. Na lura da wanda take nufi, na daina.

Bara ciwon suga ya tasar mata, ni na kai ta asibiti. Ma'aikaciyar da ke buɗe fayil ta karɓi katina ta ajiye a gefe, tana rubutu ba ta duba ba, ta ce, "Hajiya, wa ya kawo ki?"

Umma ta ce, "Ɗana ne."

"Sunansa, yadda yake a kati?"

Umma ta san abin da ke jikin katin. Ta kau da kai, ta kai hannu ta gyara ɗankwalin da babu abin da ya same shi. Sannan ta nuna ni da haɓa, ta ce da matar, "Tambayi wancan."