Tukunyar Wankan Jegon Yaya Rabi

Shekara ashirin ke nan da rasuwar yayata Rabi, amma bana mutuwar ta dawo mini sabuwa fil. Indo, ɗiyar da ta bari a zanin goyo, ta haihu a gidanmu na Gidan Sori, kuma ƙafafunta sun fara kumbura.

Haka na Yaya suka fara. Tana jego, Innarmu na tafasa ruwa safe da yamma, a fyaɗa mata da ganyen bedi, wato darbejiya, a ɗura mata kunun kanwa, ta kwanta bisa gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Da numfashi ya fara yi mata wuya, tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Wallahi ba mugunta ba ce, gata ne suke yi mata. Ranar da aka yarda aka ɗora ta a amalanke, ba ta kai asibitin Tibiri da rai ba.

Sai da na shiga lakol, makarantar ungozoma, na gane zuciyarta ce ta gaza, zafin da kanwar kuwa nauyi suka yi ta ƙara mata. Na fita daga aji na yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Masu tambayata me ya hana ni karɓar aiki a Maraɗi, na liƙe a ɗan asibitin ƙauye da ko wutar kirki babu, to kun ji dalili.

Da Yaya za ta leƙo yau, za ta ga waya a hannun kowa, ga kabu-kabu har ƙofar gida. Amma tukunyar wankan nan tana inda ta bar ta.

Makon jiya na iske Indo jingine da bango, kwanciya ta gagare ta. Na danna ƙafarta, yatsana ya bar rami. Inna na tsakar gida tana iza wuta.

"Inna, a sauke tukunyar nan. Asibiti za ta."

"Mai jego ta fita ba a yi arba'in ba? Me dangin mijinta za su ce? Ke dai da bokonki!"

"Su faɗi abin da suka ga dama. Ni ba zan sake ganin gawa a ɗakin nan ba."

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta dube ni, ta dubi Indo tana jan numfashi da kyar. Can sai ta janye itacen daga murhu, ta ce a nemo mota.

Indo na asibiti har yanzu. Lokotoro, likitan da ke duba ta, ya ce an zo da sauran lokaci, amma kada mu saki jiki. Yaya ba ta bar ko hoto ba. Wannan taurin kan nawa shi ne gadon da na ci.

Jiya muna zaune a bakin ɗakin da aka kwantar da Indo, jaririn bisa cinyar Inna, ta ce a hankali, "Da mun kawo waccan fa?" Har yau ba ta kiran sunan ɗiyarta ta fari.

Na ce, "Allah ne masani, Inna."

Ta ce, "Allah ne masani. Amma ke ma kin sani."