Taikin Geronmu a Kafaɗar Soja

Jama'a, yau soja yash shigo zaurenmu nan Ƙofar Marke, kuma ba kamu yaz zo yi ba!

Da hantsi ina kaɗi, sai nij ji sallama. Nil leƙa, sai ga jar dara da kakin Nasara, da taiki a kafaɗa! Yara sunka watse. Ni tsohuwa ina za ni?

Yad durƙusa yac ce, "Inna, don Allah daka min geron ga. Tsabarshi aka ba mu a bariki, ni ko ba turmi, ba mata. Jiƙawa nike ina tauna."

Nib buɗe taikin, rabi ƙwari, rabi tsakuwa. Sai idona yak kai kan wani faci. Ɗinkin Malam ne, maigidana! Taikin da anka ɗauke muna da kaka, wai abincin soja. Mu ko gero tas munka zuba ciki.

'Yar hurar da nir rage nid dama mishi. Yash shanye har da suɗe ƙwarya.

Mu da yunwa, shi da yunwa. To geronmu wa yac ci?