Taɓaryar da ta nema mini aure

Ko da zan manta sunana, ba zan manta damanar da na yi makonni ina gadin inuwar taɓarya ba. Abin ya faro ne ranar kasuwar Filinge, lokacin da na hangi wata yarinya tana auna gero, tana dariya har haƙoranta na ɗaukar ido. Ni da na ƙoshi da littattafan soyayya, nan take na yanke cewa ita ce tawa.

Kakanta ne ya rene ta a ƙauyensu, tsohon manomi mai riƙe da al'adun ƙasarsu ta Kurfai. Da na je gaishe shi, ya ƙare mini kallo.

"Kai ne ɗan lakwal ɗin, ɗan bokon da za shi ƙwace mini mata? To, gaya mini ranar da rana ka juyawa."

Da sauri na ce ashirin da ɗaya ga Yuni.

Ya yi dariya har da tari. "Rana ba ta karatun takarda, yaro. Gwada mini a ƙasa. In ka iya, turo magabatanka. In ka kasa, tafi ka auri alƙalaminka."

Na ari taɓaryar yarinyar na kafa a tsakar gidansu. Kullum da rana tsaka sai in zo in aje tsakuwa a ƙarshen inuwar. Littafinmu na lakwal ya ce a wannan lokaci inuwa arewa take kallo, tana raguwa. Tawa kuwa kudu ta nufa, kuma ƙaruwa take yi! Matan gidan suna wucewa suna cewa, "Sannu da aiki, mai gadin taɓarya."

Wata rana yarinyar ta kawo mini ruwa, ta tarar na dafe kai. Na nuna mata hoton da ke cikin littafin. Ta duba, ta ce, "Shi wanda ya zana wannan, a wane gari yake tsaye?"

Wallahi sai na ji kamar an yaye mini mayafi. Mai littafin yana can ƙasar Turawa ne, arewa da nisa. Duniya a karkace take zagaya rana, shi ya sa rana ke hawa arewa rabin shekara, ta gangaro kudu rabin shekara, bazara da damana da ɗari suna biye da ita. Mu nan ta riga ta wuce bisa kanmu tun cikin bazara. Don haka inuwarmu za ta yi ta miƙewa kudu har ranar ta kai iyakarta.

Na ci gaba da aje tsakuwa, ina roƙon Allah kada hadari ya rufe sama. Inuwar ta tsaya wuri ɗaya kwana da kwanaki, sannan ta fara ja da baya. Na ruga na kira tsohon. Idonsa ya yi rauni, sai ya durƙusa yana shafa tsakuwoyin da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

"Ni a tsagin dutsen can nake ganin juyawar rana da hantsi," in ji shi. "Kai kuma ka kamo ta cikin gidana da taɓarya." Ya ɗaga murya: "Ke, na sake ki! Tafi ga mai tsakuwa."

Matan suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa duk kalaman soyayyar da na haddace suka gudu, sai washe baki.

Shekaru bayan aurenmu idonsa ya rufe gaba ɗaya. Amma duk damana sai ya sa a kafa taɓaryar, a jagorance shi ya shafa tsakuwa, ya sanar da ƙauye cewa rana ta juya. Haka ya yi har ya rasu. A wurinsa da jikarsa na koyi cewa kafin in gaskata takarda, in fara duba ƙasar da nake tsaye a kanta.