Muryar Masinja a Zauren Baba

Jiya wajen ta'aziyya a Kiyawa na ji wani yana marairaice murya, sai Baba ya faɗo mini a rai. Shi ya tsani daɗin baki.

Shekarar da aka tilasta wa ƙanena dakon kayan Bature, masinja ne ya kawo mana labarin rasuwarsa a hanya. Ya durƙusa a zaure, yana warin taba, yana matso ƙwalla: "Allah gafarta Malam, oda ce daga ofis. Wallahi mu ma ba mu runtsa ba."

Baba ya ajiye carbi. "Gyara muryarka. Ina kuka binne shi?"

Masinja bai sani ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya sada shi da ɗan da har yau ba mu san kabarinsa ba.