Tatsuniyar da Kwano Ya Cinye

A gidanmu na Kebbe, kakata Inna Dije ba ta taɓa kiran sunan babana ba, balle ta dubi idonsa ta ce ga abin da take so. Ɗan fari ne, kunyarsa take ji har ya yi furfura. In zance ya zama dole, sai ta ce "wancan mutum".

To, wancan mutum ya samu kwangilar gina azuzuwa a Tambuwal lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa sabuwar jiharmu, sai kansa ya ɗau zafi. Ya rushe ɗakinsa ya tayar da na bulo, ya rufa kwano mai ƙyalli, babu sili, taga ɗaya tak tana kallon yamma. Sannan ya sanar cewa ranar Asabar magina za su faɗa wa ɗakin Inna. Soron ƙasa ne mai kaurin bango, da 'yan kafofin iska can sama, darbejiya ta yi masa inuwa. Ruwan randarta har haƙori yake kamawa. Shi kuwa cewa ya yi abin kunya ne uwar ɗan kwangila ta kwana cikin laka.

Ranar Alhamis bayan magariba, muna zaune bakin murhun Inna kamar kullum, sai ta dubi hadarin da ya haɗo daga gabas ta ce, "Ku taso. Yau ɗakin masu kuɗi za mu yi tatsuniya."

Muka duru ɗakin Baba mu bakwai, mu da 'ya'yan baffanmu. Wallahi kamar an zuba mu a tanda. Baba na kan kujera yana fifita da hularsa, wai shi rediyo yake saurare.

"Ga ta nan ta taho da ƙafarta," in ji Inna. Muka ce ta shigo mu gan ta.

Wai ƙadangare ne ya yi arziki, ya dubi surin da uwarsa ke zaune, ya ce ramuka sun yi yawa, gidan matsiyata ne. Ya samo gwangwani ya kifa a fili, ya ce ta shiga ta ji daɗin duniya. Rana ta take, tsohuwa ta fara gasuwa. Tana son ta yi magana, ga shi ɗan fari ne.

Baba ya rage muryar rediyo.

"Sai tsohuwa ta kira gara, ta ce mata..."

Nan ruwa ya kece a kan kwano. Muna ganin bakin Inna na motsi, tana zare ido, tana tafa hannu, tana kwatanta yadda wani ya faɗi, amma ko kalma ba ma ji. Ƙanwata Hajo ta fashe da kuka. Ruwa na tsagaitawa, Inna ta karkaɗe zane ta ce tatsuniya ta ƙare.

Muka ce ba mu ji ba.

"Ni dai na faɗi. Ku tambayi kwano, shi ya ji. Maimaici kuwa sai ɗakina, can nika aje ƙarshen tatsuniya. In an rushe shi, shi ke nan."

Muka hana Baba sakat. Hajo ta ƙi tuwo, ni kuma na bi shi har ƙofar masallaci ina tambayarsa ko uwar ƙadangare ta mutu. Da magina suka zo ranar Asabar, sai ya ce su yi wa soron yaɓe kawai, su dawo ɗakinsa su sa silin zana, su huda taga ta biyu. Daga nan kullum bayan azahar sai ya tafi "gaida Inna". Ita ta fice tsakar gida don kunya, shi ya miƙe a tabarmarta yana minshari har la'asar.

Ƙarshen tatsuniya kuwa, kullum sai gobe. Sai da na girma, tana kwance ciwon ajali, na ce, "Inna, don Allah mi tsohuwa tac ce ma gara?"

Ta yi dariya har da tari. "Angona, ni ma ban sani ba. Baki kawai nika motsawa, ina roƙon Allah kada ruwa shi ɗauke."

Na yi dariya, na fita waje na yi kuka.

Bana na gyara gidan nan namu. Na buɗe kafofin iska, na ƙara dasa darbejiya ta yamma, fanka sai ta wuni ba a kunna ba. Maƙwabta na cewa ilimin boko ne. Ni dai abin da na koya bai wuce wannan ba: ni ma ɗan fari ne, don haka kafin in taɓa ɗakin mahaifiyata sai da na aiki 'yata ta tambayo ta. Yarinya ta dawo ta ce, wai a gaya wa wancan mutum ya bar mata bangonta.