Zauren da Aka Hana wa Kwano

A 1986 aka turo ni koyarwa Tudun Marke, wani ƙauye a bakin fadamar Baturiya. Ni Ayuba ɗan Filato ne, ban san kowa ba, sai Baba Gwadabe magini ya ba ni ɗaki a gidansa. Gajeren tsoho ne mai taurin kai, kuma ba abin da yake ji da shi a duniya irin zauren gidan nan. Kakansa ne ya gina shi da tubali da azarar giginya, da zane a goshin ƙofa. In ka shiga da azahar sai ka ji an ɗauke maka zafi. Kowace bazara yakan kira gayya, matarsa Saude ta jiƙa makubar yaɓe, samari suna miƙa ƙasa yana yaɓe.

Sannu a hankali samarin suka watse neman aiki, gwiwoyin Baba kuma suka fara ƙin tsani. Ɗansa Inuwa, mai ɗinki a Haɗejiya, ya sayo kwano ya ce a rufe zauren kowa ya huta. Ana shirin bugawa, shekara guda bayan an ba mu jihar Jigawa, sai ga wani jami'in gwamnati mai suna Shu'ibu. Ya zagaya zauren yana shafa bango.

"Baba, kada ka ɗora kwano," in ji shi. "Garin nan wurin yawon buɗe ido zai zama. Turawan da ke zuwa kallon tsuntsaye nan za mu riƙa biyo da su. Za a yi hanya, yaɓe kuma ya koma wuyan gwamnati."

Ba a taɓa ce wa Baba aikin kakansa abin kallo ne ba. Ranar ko tuwo bai iya ci ba don daɗi. Inuwa ya ce, "Baba, Bature fa ba ya tare ruwan sama." Baba ya ce ya yi masa shiru. Inuwa ya buga kwanon a rumfar awakin uwarsa, ya hau mota da fushi.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne gayya. Da bazara ta zo Baba ya kira, mutane suka ce ai zaure ya zama na gwamnati, ita ta yaɓa. Na raka shi ofishin su Shu'ibu har na gaji, kullum a ce mana oga ya fita. Muka yi ta yaɓen mu biyu, ni da ban san komai ba sai alli, iya inda hannunmu ya kai. Sama kuwa tana ta tsagewa muna kallo.

Ga ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin kogi, ruwa ya rasa wurin bi. A daminar 1998 ya shigo gari ya kwanta a gindin zauren, na sama kuma yana bi ta tsagar rufi. Wata safiya rufin ya rufta, bangon gabas ya bi shi. Baba da Saude suka tattara kayan zauren suka kai rumfar awaki, don nan kaɗai ba ya yoyo. Bai yi kuka ba, ni ne na yi.

Da sanyi ya shigo, tsuntsaye suka dawo, sai ga Shu'ibu da Turawa a mota, karo na farko. Suka tsaya gaban kangon suna ɗaukar hoto, suna murna sun ga tsohon abu.

Baba ya ja hannun rigata. "Malam, gaya musu ba haka yake ba. Gaya musu yana da rufi, da zane a nan."

Na faɗa musu da Turanci. Suka yi murmushi, suka gyaɗa kai.

Shu'ibu ya ce, "Baba, sun ce a bar shi haka, kada a taɓa. Kuma suna so ka tsaya a ƙofa su ɗauke ka."

Ƙofa dai babu. Baba ya dubi ƙasa, ya nemo daidai inda take a da, ya tsaya a wurin, ya gyara hularsa.