Waƙar da Ba ta Baba Ba

Ranar wata Laraba da hantsi, a kakar da ruwa ya janye da wuri daga fadamar Auyo, Kawu Habu, yayan Inna, ya shigo gidanmu da wani farke mai jakunan kanwa. Ina tsugune ina tsince tsakuwa a shinkafa, ban fi shekara goma sha ɗaya ba. Farken ya ce a wata kasuwa ta gabas ya ji sabuwar waƙa, ya haddace ta, kuma a baitin ƙarshe mai waƙar ya ambaci sunansa, Bukar na bakin kogi. Sunan mahaifina ke nan, wanda ya bi rundunar Haɗeja zuwa yaƙi tun ina cire haƙori, bai dawo ba, ba a kuma ga gawarsa ba.

Baba masunci ne mai ɗan karatu, amma waƙa ce ta fitar da sunansa. Ya fara da waƙoƙin wa'azi da liman yake so, ya koma yi wa ruwa da tarwaɗa da Inna waƙa, har mutane suka ce malamin ya lalace. A cikin jirgi yake shirya su, a tsaye, sandar tuƙi a hannu, ni kuma ina zaune a goshin jirgin ina kwashe ruwa da ƙoƙo ina yi masa amshi. Sa'o'ina suna can suna 'yar carafke ko korar tsuntsaye a gona, ni ina ɗauke da baitoci a ka kamar tallan da ba mai saye. Yakan ce, "Fanna, baitin da bai bi tuƙi ba, ba nawa ba ne." Da yaƙi ya taso ya yi waƙoƙin zuga da samari suka riƙa rerawa, sai ya ga abin kunya ne ya tura 'ya'yan mutane shi ya zauna.

Tun tafiyarsa Inna ta zama ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Liman ya ce in babu alamar yana raye tana iya shiga takaba, ita kuwa ta ƙi, don kullum da labarin da ake kawo mata, wani ya gan shi a Barno, wani ya ce an sayar da shi. Ranar nan Kawu ya gaji. Ya ce a rera waƙar a gabana, tunda ni na san bakin ubana, in tasa ce a ci gaba da jira, in ba tasa ba ce a rufe maganar. Inna ta amince daga bayan zana.

Farken ya gyara murya ya fara. Waƙa ce mai daɗi, ba zan ɓoye ba. Na runtse ido ina tuƙi a zuciyata, sandar ta shiga ruwa, kafin ta fito baitin ya ƙare, na sake sakawa ya zarce. Har ya kai ƙarshe baiti da tuƙi ba su haɗu ba ko sau ɗaya. Inna ta tambaye ni a hankali, "Tasa ce?"

Na ce, "Ba tasa ba ce, Inna."

Ban yi kuka ba, ban kuma ji komai ba. Na koma kan shinkafata na ƙarasa tsinta. Inna ta cire 'yan kunnenta ta miƙo mini, washegari aka yi sadaka da waina, yara suka ci suka watse, ni ma na ci. An ce ina da taurin zuciya. Wataƙila haka ne, don na daɗe ina jiran baƙin cikin ya zo, sai ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan har ban san ranar da ya iso ba.

Yanzu na tsufa, jikokina suna rera waƙoƙinsa wajen daka, rabi nasa rabi na wasu, har da ta farken nan, kuma ba na gyara musu. A da ni kaɗai ake tambaya, yau babu wanda ya san akwai abin tambaya. Sauran ubanni ƙasa ce ta rufe su, nawa kuwa da bakina aka binne shi.